Jiƙo: Abin da Ruwan Sanyi ke Cirowa daga Tsirrai, da Abin da Yake Bari

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa tsohuwar kasuwar Sakkwato ta wajen masu magungunan gargajiya zai ga tulin sassaƙe da saiwoyi da busassun ganyaye an baje a tabarma. Ga ɓawon maɗaci, ga ganyen sabara, ga 'ya'yan bagaruwa, ga sassaƙen marke. Idan mutum ya saya, umarnin da zai ji daga bakin mai magani ba ya wuce ɗaya daga cikin uku: ko a dafa, ko a daka a zuba a kunu ko fura, ko kuwa a jiƙa a sha. Wannan na ukun, wato jiƙo, shi ne abin nazarinmu a wannan darasi.

Jiƙo shi ne a zuba wani sashe na tsiro cikin ruwan da ba a ɗora a wuta ba, a bar shi na wani lokaci har ruwan ya ɗebo amfaninsa, sa'an nan a tace. Mutane da dama suna ɗauka cewa jiƙo dabara ce ta wanda ba shi da itacen girki ko wanda ke ƙyuyar hura wuta. Ba haka abin yake ba. Akwai magungunan da wuta ke lalatawa, kuma ruwan sanyi ne kaɗai ke fito da su lafiya. Sai dai kuma wutar nan da aka guje wa ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka mai jiƙo ya ci riba ta gefe ɗaya, ya ɗauki kasada ta ɗaya gefen. Manufar darasin ita ce mai karatu ya san ribar, ya san kasadar, ya kuma san inda iyaka take a tsakaninsu.

Yadda ruwa ke ciro magani

Idan aka duba ganye ko saiwa da madubin ƙara girma, za a ga an gina su da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna masu bango, jere kamar saƙar zuma. A cikin waɗannan ɗakuna ne tsiro ke ajiye sinadaransa, masu ɗaci da masu bauri da masu ƙamshi da masu launi. Lokacin da ganye ya bushe, ruwan cikinsa ya tafi, sinadaran kuwa suna nan a daskare. Da zarar an jiƙa shi, abubuwa uku ne ke faruwa bi da bi. Da farko ruwa ya ratsa bangon ya shiga, ganyen ya kumbura. Na biyu, sinadaran da ke iya narkewa su narke. Na uku, su yi ta fitowa daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci, har ƙarfin ruwan ciki da na waje ya zo daidai.

Wani masani Bajamushe mai suna Adolf Fick ne ya tsara ƙa'idar wannan yaɗuwa a shekarar 1855. Daga ƙa'idar tasa muna iya fitar da darussa uku masu amfani ga mai jiƙo.

Na ɗaya, girman sassaƙe. Lokacin da sinadari ke ɗauka kafin ya fito yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki gwargwadon nisan da zai yi. Idan aka rage kaurin sassaƙe zuwa rabi, lokacin zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa sassaƙen da aka ɗan daddaka ke fitar da launi tun kafin wanda aka jefa gaba ɗaya ya fara. Amma idan aka mai da shi gari lilis, sai ya cakuɗe ya toshe mataci.

Na biyu, motsawa. Ruwan da ke manne da ganyen shi ke fara ƙoshi da sinadari, kuma da ya ƙoshi fitowar sai ta yi sanyi. Girgiza mazubin yana kawo sabon ruwa kusa da ganyen, aikin ya ci gaba.

Na uku, akwai lokacin da aikin ke ƙarewa. Da zarar ciki da waje sun daidaita, ko an ƙara kwana goma babu wani magani da zai ƙaru. Wannan batu na uku a riƙe shi da kyau, domin za mu komo kansa.

Majeman Sakkwato sun san wannan ilimi a aikace tun kafin a rubuta shi da lissafi. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna har ƙasashen Turai, da dakakkiyar bagaruwa ake jeme ta. Sinadarin baurin da ke cikin bagaruwa, wanda masana ke kira tanin, shi ne ke fita cikin ruwa ya kama fatar ya hana ta ruɓa.

Dalilan guje wa wuta

Zafi yana hanzarta narkewa, wannan ba a musu. To me ya sa wani lokaci ake barin sa? Dalilai huɗu ne.

Dalili na farko, wasu sinadarai suna lalacewa da zafi. Bitamin C da ke cikin garin 'ya'yan kuka yana raguwa idan aka daɗe ana tafasawa. Tafarnuwa, wadda ake nomawa da yawa a fadamun Wurno da Goronyo, ta fi wannan ban mamaki. Sinadarin alisin, mai yaƙi da ƙwayoyin cuta, wanda aka gano a 1944, babu shi a cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta, wasu abubuwa biyu da ke ajiye a wurare dabam-dabam su gauraya, sa'an nan ya samu. Idan aka jefa ta a tafasasshen ruwa ba a daka ba, zafi zai kashe ɗaya daga cikin abubuwan biyu, alisin kuwa ba zai samu ba.

Dalili na biyu, ƙamshi yana bin tururi. Man da ke ba kanumfari da na'a-na'a ƙamshinsu mai saurin tashi ne. Ƙamshin da ya cika ɗaki lokacin dahuwa ya bar tukunya ke nan.

Dalili na uku, zafi yana ɗebo abin da ba a so. Kowace mace ta san cewa gasara a ruwan sanyi kwantawa take yi a ƙasa, amma da an kwara mata tafasasshen ruwa sai ta zama koko. Haka sitacin da ke cikin saiwoyi yake: ruwan sanyi yana barin sa a cikin saiwar, ruwan zafi kuwa yana fito da shi ya yi kauri, ya hana tacewa, ya kuma yi saurin lalacewa. Don haka ne tsofaffin littattafan haɗa magunguna na Ingila suka tanadi cewa saiwar kalumba, wata saiwa mai ɗaci da ake samowa daga Mozambik, da ruwan sanyi ake jiƙa ta. Haka nan zafi yana ƙara fito da tanin, kamar yadda shayin da ya daɗe a wuta ke yin bauri.

Dalili na huɗu, wasu abubuwan ba su bukatar wuta ko kaɗan. Yauƙin ɓawon dargaza da tsamin tsamiya da jan zoɓo duk suna fita a ruwan sanyi, in dai an ba su lokaci.

Misali daga gida: filasko

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, bai tsaya ga sha'anin mulki da addini kaɗai ba, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Daga ciki akwai wanda ya keɓe ga cutar basir, da wanda ya keɓe ga wankin ciki da ganyen da Larabawa ke kira sana, wato sanamaki, ɗan'uwan filaskonmu. Wannan ya nuna cewa nazarin wannan ganye daɗaɗɗen abu ne a Sakkwato.

Kimiyyar zamani ta gano sinadaran da ke aikin a 1941, aka sa masu suna sanosayid. Suna narkewa a ruwa, kuma ba su yin komai a ciki sai sun isa babban hanji, inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a wurin ke farfasa su. Shi ya sa maganin ke ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya motsa ciki, kuma wanda ya gaji da jira ya ƙara wani kofi zai sha wuya daga baya. A Turai wasu masu haɗa magunguna sukan jiƙa ganyen a ruwan sanyi na awa 10 zuwa 12, domin suna ganin hakan na rage murɗawar ciki.

Ga lissafin da ya kamata a lura da shi. Busasshen ganyen sanamaki mai kyau yana ɗauke da kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na sanosayid. Ke nan giram ɗaya tak na ganyen yana da miligiram 20 zuwa 30, wanda shi ne kusan iyakar abin da hukumar magunguna ta Turai ta amince babban mutum ya sha a rana. Cikin tafin hannu kuwa ya ninka giram ɗaya sau da yawa. Hukumar ta kuma ce kada a wuce mako ɗaya ana sha, kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, kada mai ciki ta sha. Yawan shan sa yana zubar da ruwan jiki da sinadarin fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi.

Misali daga waje: maganin zazzaɓin cizon sauro

A 1967 ƙasar Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, domin kulorakwin ya fara gazawa. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ta shiga aikin a 1969. Ita da abokan aikinta sun gwada tsirrai masu yawa, cikinsu har da wani ɗan'uwan tazargade, amma sakamakonsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Da ta koma ga rubutun wani likita mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4, sai ta lura cewa shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ambaci dafawa ba. Daga nan ta yi zargin cewa zafi ne ke ɓata mata aiki. Ta koma amfani da sinadarin ita, wanda ke tafasa a digiri 35 kacal a ma'aunin Salshiyas. A watan Oktoba na 1971 samfuri mai lamba 191 ya kashe ƙwayoyin cutar ƙurmus a jikin ɓeraye. A 1972 aka ware sinadarin atimisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocinmu. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

Sai dai kada a yi wa labarin gurguwar fahimta. Atimisinin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma yawansa ya bambanta daga ganye zuwa ganye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan a yi maganin zazzaɓin cizon sauro da jiƙo ko shayin wannan ganye, domin ɗan abin da ke fita ba ya isa ya gama da cutar, kuma yana iya koya mata jure wa maganin.

Nijeriya ma tana da nata misali. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, ta inganta shi ya zama Niprisan, don rage tashin ciwon sikila. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace ɗan'uwan madobiya, kuma takardar mallakar fasaharsa ta 1998 ta nuna da ruwan sanyi ake ciro shi. Abin da ya bambanta shi da jiƙon gida shi ne awo, da busar da ruwan ya zama gari, da gwaji a kan marasa lafiya.

Yadda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje

Ɗaliban fannin haɗa magunguna da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kamar takwarorinsu a ko'ina, da jiƙo sukan fara binciken tsiro. Matakan su ne:

1. A tabbatar da tsiron a wurin masanin tsirrai, a ajiye samfurinsa, domin suna ɗaya kan hau tsiro biyu a garuruwa dabam-dabam.
2. A shanya shi a inuwa mai iska, ba a rana ba.
3. A daka, a auna, alal misali giram 100 a lita ɗaya.
4. A zuba a kwalba mai murfi, a riƙa girgizawa.
5. A tace da ƙyalle, a sake tacewa da takardar tacewa.
6. A tsane ruwan da na'ura a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba.
7. A auna abin da ya saura. In giram 8 ne daga giram 100, to an sami kashi 8 cikin ɗari.

Littattafan haɗa magunguna sukan ce a bar jiƙo kwana 3 zuwa 7, amma da sinadarin itanol suke nufi, wanda ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Idan ruwa zalla ne, hukuncin ya sha bamban: tsohuwar ƙa'idar Ingila ita ce a yi amfani da shi cikin awa 12. Wani lokaci ana aiki da mitanol a ɗakin gwaji, shi kuwa dafi ne mai makantarwa da kisa, ba a kai shi baki. Bugu da ƙari, don jiƙo ya kashe ƙwayar cuta a faranti, wannan ba hujja ba ce cewa zai warkar da mutum. Matakin farko ne kawai na doguwar tafiya.

Inda haɗarin yake

Ganye da saiwa daga ƙasa suka fito, kuma sun sha ƙura da hannun mutane kafin su iso gida. Suna ɗauke da ƙwayoyin cuta. Bushewa ba ta kashe su duka, wasu kwanciya kawai suke yi. Jiƙo kuwa yana ba su abu uku da suke nema: ruwa, abinci da ɗumi.

A Sakkwato kalmar ruwan sanyi ma abar dubawa ce. A watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40, ruwan da aka ajiye a roba a ɗaki kuwa yakan kusanci ɗumin jikin mutum, wato digiri 37. A wannan ɗumi wasu ƙwayoyin cutar hanji, in sun sami abinci, suna rabuwa biyu kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya ta zama 8 cikin awa ɗaya, ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Mu tuna da abin da muka faɗa a baya: fitowar magani tana tsayawa, amma haihuwar ƙwayoyin cuta ba ta tsaya tare da ita ba. Ke nan al'adar barin sassaƙe a jarka mako guda, ana sha ana ƙara ruwa, tana rage magani kullum tana ƙara cuta. Kumfa da tsami da wari alamu ne cewa jiƙo ya fara ruɓa. Marina suna neman irin wannan ruɓa da gangan a ramin baba domin shuni ya kama, amma cikin mutum ba rami ba ne.

Ruwan kansa ma abin lura ne. A annobar amai da gudawa ta 2021 an ƙidaya fiye da mutum dubu 110 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihar Sakkwato tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ɗacin magani ba ya tsarkake gurɓataccen ruwa.

Haɗari na gaba shi ne fumfuna. Sassaƙen da ya sha danshin damina yakan yi fumfuna, wata kuwa tana fitar da dafin afalatokzin, mai lalata hanta, wanda ko tafasawa ba ta kawar da shi. Sa'an nan ruwan sanyi yana ciro dafi kamar yadda yake ciro magani. Zaƙami yana gusar da hankali, tumfafiya tana taɓa zuciya, kuma jiƙa su bai rage masu komai ba.

Ƙa'idojin kiyayewa

1. A tafasa ruwan tukuna, a bari ya huce a rufe, sa'an nan a jiƙa. Ta haka an kashe cutar ruwan ba tare da an ƙona maganin ba.
2. A wanke ganye ko sassaƙe, a zubar da duk wanda ya yi fumfuna.
3. A yi amfani da kwalba ko mazubi mai tsabta da murfi, ban da jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari.
4. A jiƙa da dare a tace da safe. A ajiye a firji, ko a jingina da randa inda ya fi sanyi.
5. A sha a ranar, a zubar da saura. Kada a ƙara ruwa a kan tsohon sassaƙe.
6. Kada a ba jaririn da bai kai wata 6 ba jiƙo ko dauri. Nonon uwa ya ishe shi.
7. Mai ciki, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, su nemi shawarar likita tukuna.
8. Zazzaɓi a jikin yaro, da shawara, da gudawa mai tsanani, na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.
9. Wanda zai sayi haɗin kwalba ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya kuma sani cewa lamba ba ta nufin maganin yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa.

Gwaji don ɗalibai

A sami kofi uku na gilashi da zoɓo cokali uku. A zuba cokali ɗaya yadda yake a ruwan sanyi, na biyu a daka shi kafin a zuba a ruwan sanyi, na uku a zuba a ruwan zafi. A riƙa duba launin kowane minti 10 ana rubutawa. Wanne ya fara yin ja? Bayan awa 12, akwai sauran bambanci mai yawa a tsakaninsu? Daga nan a bar kofi ɗaya a buɗe 'yan kwanaki, a lura da abin da zai fito a samansa da yadda warinsa zai sake. Wannan kofi na kallo ne, ba na sha ba.

Kammalawa

Mun ga cewa jiƙo hanya ce mai tushe a kimiyya. Yana kare sinadaran da wuta ke lalatawa, yana barin sitaci da yawan bauri a baya, kuma ta hanyar lura da shi aka kai ga ɗaya daga cikin manyan magungunan zamaninmu. Mun kuma ga cewa amfaninsa yana da iyakar lokaci, wadda zafin Sakkwato ke ƙara gajartawa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce tafasasshen ruwa da awo da kwana ɗaya ba. Aikin da ke gaban masu bincike na jami'o'inmu shi ne su zauna da masu magungunan gargajiya, su auna yawan abin da ke fita daga sabara da maɗaci da marke a awa 6 da awa 12 da awa 24, su ƙirga ƙwayoyin cutar da ke tasowa a bazara da lokacin hunturu, sa'an nan su mayar wa jama'a da sakamakon cikin harshen da suke ji.